Yadda Ake Tara Tsofaffin Ƙasidun Jiragen Ƙasa Masu Tururi, a Gane Shekarunsu, a Kuma Adana Su

Jirgin ƙasa mai cin kwal ya yi bankwana da manyan layukan hukumar jiragen Birtaniya ranar 11 ga Agusta 1968. A ranar ce jirgin fasinja na ƙarshe ya tashi daga Liverpool zuwa Carlisle ya dawo, kujera ɗaya fam 15 da sule 15. To amma tun kafin nan wasu mutane sun riga sun fara ceto ƙananan layukan da ake shirin rufewa. A 1951 'yan sa-kai suka karɓi layin Talyllyn na ƙasar Wales, wanda shi ne na farko a duniya da aka ceta ta wannan hanya. Ffestiniog ya biyo baya a 1955, Bluebell na kudancin Ingila a 1960. A Amurka ma haka aka yi: Strasburg ta jihar Pennsylvania ta koma ɗaukar masu yawon buɗe ido a 1959, Cass ta West Virginia a 1963.

Akasarin waɗannan layuka ba su da gwamnati a bayansu, don haka komai ƙanƙantar abin da zai kawo kwabo sai sun sayar. Cikin abin da suka fi sayarwa har da 'yan ƙasidu masu shafi 16 ko 24 ko 32, da hoton kan jirgi a bango, da taswira, da tarihin layin, da jerin kawunan jirgin da suke da su. Fasinja ya saya, ya karanta a tarago, ya jefa a aljihun tebur. Su ne yau ake nema. Babbar matsalarsu ita ce akasarinsu ba su ɗauke da shekarar bugu, domin wanda ya buga yana so ya ci gaba da sayarwa baɗi da baɗin baɗaɗa ba tare da mai saye ya ce ta tsufa ba. Ƙasidar da ba ka san shekararta ba kuwa hoto ne kawai. Ranar da ka gano shekarar, ta zama shaidar yadda layin yake a wannan lokacin. Shi ya sa zan fi daɗewa a kan matakin gane shekara fiye da sauran.

Mataki na farko: ka zaɓi layi ɗaya

Kada ka ce za ka tara komai. Birtaniya kaɗai tana da irin waɗannan layuka sama da ɗari, kowanne ya yi ta sake buga ƙasidarsa shekara da shekaru. Wanda ya sayi ɗaya daga nan ɗaya daga can zai cika kwali, amma ba abin da zai iya kwatantawa. Ka ɗauki layi ɗaya, ko biyu da ke maƙwabtaka da juna. Ni Ffestiniog nake ba mai farawa shawara, domin an sake buɗe shi ne kashi-kashi cikin shekara 27, kuma kowane kashi ya bar alama a taswira.

Ka kuma san irin takardun da za ka gamu da su. Akwai ƙasidar jagora da ake sayarwa a tasha. Akwai takarda mai naɗi da ake rabawa kyauta, mai jadawalin tashin jirgi da kuɗin tikiti. Wannan ita ce ta fi yawan ɗaukar shekara, saboda haka tana taimakawa wajen gane shekarun sauran. Akwai ƙasidar lissafin kawunan jirgi da taragai. Sai kuma takardun jiragen shaƙatawa na rana ɗaya, wato falle guda na talla ko 'yar ƙasidar da ake ba fasinja mai bayanin hanya da lokacin isa kowace tasha. Wannan al'ada ta daɗe ƙwarai: ranar 5 ga Yuli 1841 Thomas Cook ya kwashi mutane wajen 500 daga Leicester zuwa Loughborough a kan sule ɗaya kowa. Takardun rana ɗaya sun fi wuyar samu, don an buga su ne a kan takarda mai arha kuma ba wanda ya yi niyyar ajiye su.

Mataki na biyu: ka rubuta shekarun layin kafin ka sayi komai

Ka samu littafin rubutu, ka ware shafi guda, ka jera shekarun da layin ya sauya. Na Ffestiniog ga su: 1955 jirgi yana tsayawa a Boston Lodge, 1956 Minffordd, 1957 Penrhyn, 1958 Tan-y-Bwlch, 1968 Dduallt, 1978 Tanygrisiau, 1982 Blaenau Ffestiniog. Dalilin jinkirin ƙarshe shi ne madatsar ruwan tashar lantarki da ta shanye wani yanki na tsohon layin, sai da 'yan sa-kai suka fara haƙa sabuwar hanya a 1965, har da wani zagaye da dogon ke hawa ya ƙetare kansa a Dduallt. Duk ƙasidar da ke roƙon gudummawa don wannan aiki ka san daga tsakiyar shekarun 1960 zuwa 1978 ta fito.

In Talyllyn ka zaɓa, shekarar da za ka riƙe ita ce 1976, lokacin da aka ƙara layin zuwa Nant Gwernol. Severn Valley ya fara daga Bridgnorth zuwa Hampton Loade a 1970, ya kai Bewdley a 1974, Kidderminster a 1984. Bluebell ya kai Kingscote a 1994, East Grinstead a 2013.

A shafi na biyu ka jera kawunan jirgi da shekarar zuwan kowanne. A Ffestiniog, Linda ta zo a 1962, Blanche a 1963, Mountaineer a 1967, David Lloyd George kuma an ƙera shi a 1992. A nan akwai tarko. Sunan Earl of Merioneth kawuna biyu ne suka ɗauke shi: wani tsoho da aka raɗa wa sunan a 1961, da wani sabo da aka gama ƙerawa a 1979. Mai gaggawa zai ga sunan ya ce ƙasidar ta bayan 1979 ce, alhali ta girmi haka da shekara goma sha. Sunaye suna yawo tsakanin kawunan jirgi, don haka ka haɗa suna da lamba da hoto kafin ka yanke hukunci.

Mataki na uku: saye

Daga wannan ɓangare na duniya, intanet ce kasuwar: eBay, AbeBooks, da kantunan ƙungiyoyin layukan kansu, waɗanda sukan sayar da tsofaffin takardun da aka ba su sadaka. Sau da yawa kuɗin aikowa ya fi kuɗin ƙasidar, saboda haka ka nemi masu sayar da su a dunƙule, ko ka tara sayayya wurin mutum ɗaya ya haɗa a ƙunshi guda. In kana da ɗan'uwa mai dawowa gida, ya fi sauƙi.

Kafin ka biya ka nemi hoto huɗu: bangon gaba, bangon baya, shafukan tsakiya inda wayar ɗinki take, da taswira. Shafukan tsakiya ne suke fara ɓallewa, kuma galibi nan ake sa taswira ko hoton da ya fi kyau. In bayanin ƙasidar ya ce akwai taswira mai naɗi a baya, ka tabbata tana nan. Shekarar da mai sayarwa ya rubuta ka ɗauke ta a matsayin zato. Da yawansu kallon bango kawai suke yi.

Mataki na huɗu: gane shekara

Ana yi ne kamar yadda ake buɗe bakin rago a duba haƙora, ba a tsaya ga abin da mai shi ya faɗa ba. Ka shimfiɗa ƙasidar a tebur mai tsabta, ka bi ta daga bango zuwa bango da fensir da takarda a gefe, kana rubuta duk abin da ke nuna lokaci.

Ka fara da farashi. Birtaniya ta bar lissafin sule da kwabo ranar 15 ga Fabrairu 1971. In ka ga 6d, sisi ke nan. 1/- sule ɗaya. 2/6 sule biyu da sisi. Duk waɗannan na kafin wannan rana ne. In ka ga farashi biyu gefe da gefe, misali 2/6 da 12½p, an buga ta ne dab da sauyin, wajen 1970 zuwa 1971. In p kaɗai ce, bayan sauyin ne, kuma rabin kwabon nan na ½p an janye shi a ƙarshen 1984, don haka farashi mai ½ ba zai wuce nan ba. Wani lokaci za ka ga an manna 'yar takarda mai sabon farashi a kan tsohon. Kada ka ɓare ta. Ka haska tocila ta bayan bangon, tsohon farashin zai bayyana, ka samu shekarar bugu da shekarar sayarwa a lokaci guda.

Sai sunan hukumar jirgi, wanda kusan kowace ƙasida take ambata wajen bayanin yadda za a iso. Daga 1923 zuwa ƙarshen 1947 kamfanoni huɗu ne: GWR, LMS, LNER da Southern. Daga 1 ga Janairu 1948 British Railways. Daga 1965 aka gajarta shi British Rail, tare da tambarin kibiya biyu masu fuskantar gabas da yamma.

Sai adireshi da lambar tarho. A Wales an soke tsofaffin gundumomi irin su Merioneth da Caernarvonshire a 1974, aka kafa Gwynedd, kuma wajen wannan lokaci garin Portmadoc ya koma rubuta sunansa Porthmadog. Lambobin gidan waya masu haɗa haruffa da alƙaluma sun bazu a Birtaniya tsakanin 1966 da 1974. Ranar 16 ga Afrilu 1995 aka ƙara 1 bayan sifilin farko na lambobin tarhon garuruwa, saboda haka 0766 ta kafin nan ce, 01766 ta bayan nan. A Amurka lambar gidan waya da ake kira ZIP mai alƙaluma biyar ta fara ranar 1 ga Yuli 1963, mai ƙarin huɗu kuma a 1983. In ƙasida ta ambaci Amtrak, kamfanin jiragen fasinja na Amurka, ba ta riga 1971 ba. Jirgin Silverton na Colorado yana hannun kamfanin Rio Grande har 1981, daga nan ya zama Durango & Silverton. Steamtown, wurin adana tsofaffin jiragen tururi, in adireshinsa a Vermont yake, kafin ƙaurarsa zuwa Scranton ne a 1984.

Lambar littafi ma tana magana. SBN mai alƙaluma tara ta ƙarshen shekarun 1960 ce, ISBN mai goma daga 1970, mai goma sha uku daga 2007. Sai dai ƙananan ƙasidu da yawa ba a taɓa ba su lamba ba, don haka rashinta ba ya nuna komai. Ka duba can ƙasan bangon baya ko shafin ƙarshe: maɗaba'a takan sa sunanta da ƙananan baƙaƙe, wani lokaci da alƙaluma irin 3/67, wato watan Maris 1967. Gilashin ƙara girma yana da amfani a nan.

Yanzu ga ƙa'idar da ke ɗaure duk wannan. Abu mafi sabunta da ka gani a ciki shi ne ke faɗin shekarar da ƙasidar ba za ta riga ba. Abu mafi tsufa ba ya faɗin komai, domin waɗannan ƙungiyoyi ba su da kuɗin sabon hoto kowace shekara. Hoton 1958 yana iya zama a bangon ƙasidar 1969. Rashin ambaton wani abu kuma hujja ce mai rauni, sai dai in babban abu ne da ba yadda za a yi layin ya yi shiru a kansa, kamar buɗe sabuwar tasha.

Mu ɗauki misali. A ce ƙasidar Ffestiniog ce, farashinta 2/6 kaɗai, adireshi Portmadoc, an ambaci British Rail, Mountaineer yana cikin jerin kawunan jirgi, taswira ta nuna jirgi yana kaiwa Dduallt. British Rail ya ce 1965 ko bayanta. Mountaineer ya ce 1967. Dduallt ya ce 1968. Farashi ya rufe ƙofa a farkon 1971. Sai ka rubuta 1968 zuwa 1970, ka kuma rubuta hujjojin a ƙasa. In daga baya ka samu wata mai kama da ita, bambancin tallace-tallacen otal da na motocin haya da ke shafukan baya zai iya raba maka wace ce ta riga.

Mataki na biyar: ta asali ce ko sabon bugu?

Ƙungiyoyi da yawa sun sake buga tsofaffin ƙasidu da takardun talla don sayarwa, ba da niyyar zamba ba, amma bayan shekaru sai su shiga kasuwa a matsayin tsofaffi. Ka duba hoto da gilashi: bugun maɗaba'a yana da ɗige-ɗige a jere, wanda aka kwafa daga wani bugun kuma yakan dushe ko ya yi wani zane-zane kamar saƙa. Ka nemi rubutu ƙarami da ke cewa an sake bugawa. Fitilar nan mai shuɗin haske da ake duba jabun kuɗi da ita tana taimakawa: takardar da aka yi daga shekarun 1950 zuwa yau galibi tana da sinadarin ƙara fari, sai ta yi walƙiya a ƙarƙashinta. Takardar talla da aka ce ta 1930 ce amma tana walƙiya, ka yi shakka. Wadda ba ta walƙiya kuwa ba lallai ta zama tsohuwa ba.

Mataki na shida: karanta alƙaluman ciki

Abu biyu ke rikita sabon shiga. Na farko faɗin dogo. Babban ma'auni ƙafa 4 da inci 8½ ne, irin na layin Abuja zuwa Kaduna. Tsohon layin Najeriya ƙafa 3 da inci 6 ne, Durango ƙafa 3, Talyllyn ƙafa 2 da inci 3, Ffestiniog ƙafa 1 da inci 11½, Romney, Hythe & Dymchurch kuwa inci 15 kacal. Na biyu alƙaluma uku irin 2-8-2. Ƙafafun kan jirgi ake ƙirgawa daga gaba zuwa baya: biyu ƙanana masu jagora, takwas manya masu ja, biyu ƙanana a baya. In an ƙara T a ƙarshe, kan jirgin yana ɗauke da tankin ruwansa a jikinsa, ba ya jan wani tarago na ruwa da kwal.

Mataki na bakwai: tsabtacewa da ajiya

A nan ne ake yin ɓarnar da ba ta gyaruwa, kuma da kyakkyawar niyya ake yin ta. Kada ka kai ta a yi mata laminatin. Zafi da gam suna shiga takardar, ba a sake raba su. Kada salatif ya taɓa ta. Bayan 'yan shekaru zai faɗi ya bar tabo ruwan ƙasa har ta baya. Kada roba mai ɗaurewa, kada fil, kada biro. Yagewa ƙarama ka bar ta haka. Abin da wani fasinja ya rubuta a ciki, ko tikitin da ya maƙale, kada ka goge kada ka yar, domin sau da yawa shi ne kaɗai ke ɗauke da kwanan wata.

Ka wanke hannu ka busar, ka share ƙura da buroshi mai laushi daga tsakiya zuwa gefe. Wayar ɗinki in ta yi tsatsa har tana cin takarda, ka ɗaga bakinta a hankali daga shafin tsakiya ka zare ta, ka bar shafukan a jere cikin jaka, ko ka ɗinke da farin zaren auduga ta ramukan da ke nan. In ba ta yi tsatsa ba ka ƙyale ta.

Kowace ƙasida ta samu jakarta ta leda mai haske irin ta adana takardu, wadda aka rubuta polyester ko polypropylene a kanta. Ka guji ledar PVC mai laushi da wari, tana manne wa tawada. Ka jera su a kwance cikin akwati mai murfi, manya a ƙasa.

Yanayinmu yana da nasa hukunci. Takarda ta fi son sanyi da danshin iska tsakanin kashi 30 zuwa 50 cikin ɗari. In ya haura 65, fumfuna ta samu wurin zama. Da damina, musamman Agusta, ka sa ƙunshin tsakuwar shan danshi irin wanda ke zuwa cikin kwalin takalmi ko magani, ka riƙa busar da shi kana mayarwa. Da hunturu ƙura ce da bushewa, takarda takan yi ƙarfi ta karye a lanƙwasa, sai a rage buɗe ta. Akwatin kada ya taɓa ƙasa ko bango, saboda gara, kada kuma ya zauna dab da rufin kwano. Ɗakin da ya fi sanyi a tsakiyar gida shi ne wurinsa. In ka ga alamar ƙwari a sabuwar da ta iso, ka rufe ta ruf cikin leda, ka sa a firiza mai tsananin sanyi mako guda ko fiye, in kana da wutar da ba ta yankewa. In ka fitar kada ka buɗe ledar sai ta kwana ta koma zafin ɗaki, don raɓar ta tsaya a waje. In wutar ba tabbas, ka ware ta daga sauran kana dubawa, domin daskarewa da narkewa a kai a kai ya fi ƙwarin illa.

Mataki na takwas: hoto da rajista

Ka ɗauki hoton kowane shafi sau ɗaya, don ka daina jagwalgwala ta asali. A na'urar sikana, 300 dpi (ma'aunin kaifin hoto) ya isa ga rubutu, 600 ga taswira da ƙananan hotuna. Kada ka danne ƙasida da murfin na'ura har bayanta ya tsage. Waya mai kyamara a inuwa mai haske ta fi aminci ga wadda ta tsufa. A rajista ka rubuta sunan layi, yawan shafi, tsawo da faɗi, farashi, maɗaba'a, shekarar da ka kimanta da hujjarta, inda ka saya, da lahanin da ke jikinta. Lambar rajista a jikin jaka za ka rubuta. Ka tuna da yawa daga cikin waɗannan ƙasidu har yanzu haƙƙin mallakarsu yana hannun ƙungiyoyin, don haka hoton na amfaninka ne, in za ka wallafa ka nemi izini.

Wannan hanya tana aiki a kan takardun jirgin ƙasan Najeriya, kuma ina ganin su suka fi bukatar a cece su, don ba su da ƙungiyoyi masu tara su kamar na Wales. Dogo ya iso Kano a 1911, Ƙaura Namoda a 1929, Nguru a 1930, Maiduguri a 1964. Ƙaramin layin Zariya zuwa Jos, mai faɗin ƙafa 2 da inci 6, an rufe shi a 1957. Hukumar jiragen ƙasa ta NRC an kafa ta a 1955, naira kuma ta maye gurbin fam ranar 1 ga Janairu 1973. Da waɗannan shekaru kaɗai za ka iya sanya tsohon jadawali ko tikiti ko taswira a zamaninsa. Irin waɗannan takardu sukan kwanta a akwatunan gidajen tsofaffin ma'aikatan reluwe a Zariya, Kafanchan, Minna da Kaduna. In iyalin gidan ba sa son rabuwa da su, ka nemi izinin ɗaukar hoto, ka rubuta sunan tashar da mai takardar ya yi aiki da shekarun aikinsa, ka bar musu jakar leda mai kyau su mayar da ita ciki.